Ina Hujjarka? Karatun Ta-natsu da Gane Halin Taurari a Labari Mai Zubin Waƙa

 Iyaye da ke zaune a tsakar gida, malamai da ke duba littattafan yara a daidai wannan lokaci, da ku ɗalibai, duk da ku nake. Yau shirinmu zai kai mu azuzuwan Amurka, a matakin da suke kira makarantar tsakiya. Wato aji 6 zuwa aji 8, na yara 'yan shekara 11 zuwa 14, kusan daidai da ƙaramar sakandare a wurinmu. A waɗannan azuzuwa akwai wani irin littafi da ya samu karɓuwa ƙwarai tun daga ƙarshen shekarun 1990. Labari ne cikakke, da mafarinsa da ƙarshensa da taurarinsa, amma ba a zube aka rubuta shi ba. Da gajerun waƙoƙi aka gina shi, wannan na bin wannan, kuma galibinsu ba sa bin kari ko amsa-amo. Za mu kira shi labari mai zubin waƙa. Magana ɗaya zan kafa yau, kuma zan yi ta komawa kanta. Irin wannan littafi ya fi kowane dacewa da koya wa yaro kada ya yanke hukunci kan halin mutum sai da hujja. In ya ce wance mai taurin kai ce, a tambaye shi: ina hujjarka? In ya ce wane ba shi da tausayi, a sake tambayarsa: ina hujjarka?

Bari mu fara da kashi na farko, mu san abin da ake nufi da karatun ta-natsu. Karatu iri biyu ne a nan. Akwai wanda mutum ke yi don ya ji yadda labari ya ƙare, yana gudu yana tsallake. Akwai kuma wanda mai karatu zai tsaya kan ɗan gajeren wuri, ya karanta, ya sake karantawa, ya tambayi kansa me aka faɗa, da wace kalma aka faɗe shi, me kuma aka ƙi faɗa. Wannan na biyun shi ne karatun ta-natsu. Tarihinsa a makarantun Turawa yana komawa ga wani malamin jami'ar Kambirij a Ingila, I. A. Richards. A shekarun 1920 yakan raba wa ɗalibansa waƙoƙi, ya cire sunan marubuci, ya ce su rubuta abin da suka fahimta. Abin da ya gani ya ba shi mamaki. 'Yan jami'a ne, amma da yawansu sun kasa kama ma'anar fili ta abin da ke gabansu. Sai su ɗauko ra'ayin da suka zo da shi daga gida su ɗora wa waƙa. Ya tattara wannan a littafinsa Practical Criticism a 1929. Daga baya, a 2010, aka fito da wani ma'aunin karatu na bai-ɗaya a Amurka mai suna Common Core, wanda jihohi sama da 40 suka ɗauka. Buƙatarsa ta farko a fannin karatu ita ce ɗalibi ya yi karatu a tsanake, kuma in ya yi magana ya nuna inda ya samo ta a cikin rubutun. Masu nazarin adabin Hausa ba baƙin wannan ba ne. Wanda ya yi karatu a kan Gadon Feɗe Waƙa na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya san yadda ake bin waƙa baiti-baiti, ɗango-ɗango, ana duba jigo da salo da zubi.

To me ya sa na ce labari mai zubin waƙa ya fi dacewa? Saboda ƙarancin kalmominsa. A littafin zube, marubuci na iya cika shafi uku yana kwatanta ɗaki da tufafi da yanayin gari. Yaro ɗan shekara 12 sai ya ɓace a ciki, ya rasa jimlar da ke ɗauke da nauyi. A labari mai zubin waƙa kuwa, shafi guda zai iya zama layi 15 ko 20 kacal, sauran duk farar takarda. Kowace kalma a fili take. Malami na iya cewa, ku nuna mini kalma ɗaya da in an cire ta ma'ana za ta sauya, kuma yaron da ke can bayan aji ma zai iya nemo ta. Abu na biyu, kusan kullum tauraron labarin ne ke magana da bakinsa, kuma sa'an masu karatun ne. Babu wani mai ba da labari a gefe da zai ce wa yaro wannan mutumin kirki ne, wancan mugu ne. An bar wa yaro aikin. Shi zai tattaro halin mutum daga abin da mutumin ya yi, da abin da ya faɗa, da abin da ya yi shiru a kai.

Masu sauraro, yanzu mun shiga kashi na biyu. Za mu ɗauki littafi guda mu zauna a kansa, domin magana ba misali ba ta zama a kai. Sunan littafin Out of the Dust, wato fita daga ƙura. Karen Hesse ce ta rubuta shi, ya fito a 1997, kuma a 1998 ya ci lambar Newbery, babbar lambar yabo ta littattafan yara a Amurka. Labarin na faruwa ne a jihar Oklahoma tsakanin 1934 da 1935. Lokacin fari ne mai tsanani. An yi shekaru ana nome ciyawar da ke riƙe ƙasa ana shuka alkama, da ruwa ya ɗauke sai iska ta riƙa kwashe ƙasar gona tana turnuƙe garuruwa da ita. Mai ba da labarin yarinya ce 'yar shekara 14, sunanta Billie Jo, 'yar manomi, gwanar kaɗa fiyano. Wata rana mahaifinta ya ajiye bokitin kananzir kusa da murhu. Mahaifiyarta, tana da tsohon ciki, ta ɗauka ruwa ne, ta zuba za ta haɗa abin karin kumallo, wuta ta tashi. Uwar ta fita da gudu kiran mijinta. Yarinyar, don kada gida ya ƙone, ta ɗauki bokitin mai ci da wuta ta wurga waje, ba ta san uwar ta juyo za ta shigo ba. Wutar ta kama uwar. Yarinyar ta kashe wutar da hannuwanta, su ma suka ƙone. Uwar ta yi jinya, ta haihu, ta rasu, jaririn ma bai daɗe ba ya bi ta.

Yanzu ku ɗauka kuna cikin aji. Malama ta tambaya: wane irin mutum ne mahaifin Billie Jo? Hannaye suka tashi. Wani yaro ya ce mugu ne. Wata ta ce ba ya son 'yarsa. Idan malama ta ce madalla ta rubuta a allo, to darasi ya mutu nan take. Malamar da ta san aikinta cewa za ta yi, na ji da'awarka, ina hujjarka? Abin kamar gaban alƙali ne: mai da'awa shi ke kawo shaida, kuma dole a saurari shaidar ɗaya ɓangaren. Yaron zai buɗe littafi, kuma zai sami abin kafa hujja. Uban ne ya ajiye kananzir kusa da wuta. Lokacin da matarsa ke kwance cikin azaba, ya ɗauki ɗan kuɗin da aka adana ya tafi gari ya sha giya. Bayan rasuwarta ya daina magana da 'yarsa sai abin da ba a rasa ba. Hujjoji ne masu ƙarfi. Amma malama ba za ta tsaya nan ba. Za ta ce, akwai wanda ya ga wani abu da bai dace da wannan hukunci ba? A nan ne yaron da ya yi karatun ta-natsu zai tuna wani abu. Tun uwar na da rai ta taɓa ba mijinta shawara ya haƙa tafki a gonar, ya ƙi. Bayan ta rasu, sai ga shi ya ɗauki shebur yana ta haƙa wani ƙaton rami kusa da gida, kwana da kwanaki, ba ya yi wa kowa bayani. Ramin nan shi ne daga baya ya zama tafkin. Marubuciyar ba ta tsaya ta yi wa mai karatu lacca kan nadamar mutumin ba. Shafuka da yawa ne tsakanin shawarar da haƙan. Yarinyar ta yi zaton tafkin da uwarta ta so ne yake haƙawa, amma yaro ne da kansa zai ƙulla haƙan da nadamar. Ranar da ya ƙulla su, ya gane cewa akwai mutumin da baƙin cikinsa ba ya fita ta baki, sai ta hannu.

Ga wata hujja da ta fi wannan ƙanƙanta, kuma ta fi ta kaifi. A farkon littafin, yarinyar na kiran mahaifinta da sunan sakewa da ƙauna, kamar yadda ɗa zai ce Baba. Bayan rasuwar uwar sai ta koma ambatonsa da kalmar nesa-nesa, kamar mutum ya ce mahaifina, yadda ake faɗa wa baƙo. Haka ta yi ta yi tsawon watanni. Daga baya ta gudu daga gida, ta hau jirgin ƙasa ta nufi yamma. A cikin taragon ta haɗu da wani mutum da ya tsere ya bar matarsa da 'ya'yansa saboda ya kasa ciyar da su. A nan ta ga bambancinsa da mahaifinta, wanda duk da raunin da ke gare shi bai bar gona ba, bai bar ta ba. Ta sauka a jihar Arizona ta juyo gida. Da ya tarye ta a tasha, sai sunan nan na farko ya dawo bakinta. Ku lura, masu sauraro. Kalma ɗaya ce ta tafi, kalma ɗaya ta dawo, amma duk tafiyar zuciyar yarinyar na cikinta. Mai karatun gudu ba zai gani ba. Wanda aka ce masa ya ja layi ƙarƙashin duk inda ta ambaci uban, ya kwatanta na farko da na tsakiya da na ƙarshe, shi zai gani. Kuma yaran Hausawa sun fi kowa saurin kama irin wannan, domin sun san ranar da uwa ta kira ɗanta da cikakken sunansa, akwai magana.

Mu je kashi na uku, kan yadda darasin ke gudana a aji. Yawanci malami zai zaɓi waƙa guda daga littafin, a karanta ta fiye da sau ɗaya, kowane karo da tambayarsa. Karon farko a karanta da murya, a tabbatar kowa ya san waye ke magana da abin da ya faru. Kada a raina wannan mataki, domin a nan ne ɗaliban Richards suka faɗi. Karo na biyu shi ne mai daɗin, inda ake duba yadda aka faɗi abin. Wace kalma aka maimaita? Wace aka ware ita kaɗai a layi? A ina aka karya layi? Masu nazarin waƙar Hausa na kiran wannan gangara, wato magana ba ta ƙare a ɗango ba ta gangara zuwa na gaba. Bari in ƙirƙiro misali don kunne ya kama. A ce yarinya ta rubuta a layin farko, ina son gidanmu. Kunne ya ɗauka magana ta cika. Sai layi na biyu ya zo da kalma biyu kawai, na dā. Kun ji abin da ya faru? Ɗan tsayawar nan tsakanin layi da layi ta ba ku abu, sannan ta karɓe. Da a zube aka rubuta, ido zai wuce bai ji komai ba. Saboda haka malami kan sa yara su kwafe waƙa su mayar da ita zube, su karanta duka biyun, su faɗi abin da ya salwanta. Sai a karo na ƙarshe a zo kan hali: duk wannan da muka gani, me ya nuna mana game da mai maganar? Yara da yawa kan raba shafin littafinsu gida biyu. A hagu su rubuta abin da littafi ya ce da lambar shafinsa, a dama su rubuta abin da suka fahimta daga ciki. Dokar ita ce ba a cika dama in hagu babu komai.

Akwai wani littafin da ya kamata ku ji, domin jihar New York ta sa shi cikin manhajar da ta tsara wa 'yan aji 8. Sunansa Inside Out and Back Again, na Thanhha Lai, ya fito a 2011, ya kuma ci lambar National Book Award. Yarinya ce 'yar shekara 10, sunanta Ha, a birnin Saigon na ƙasar Biyetnam a 1975, shekarar da yaƙi ya ci birnin. Mahaifinta sojan ruwa ne da ya ɓace shekara 9 ke nan. Tun waƙar farko an ba mai karatu mabuɗin halinta. Al'adarsu ita ce ranar sabuwar shekara babban ɗa namiji ne zai fara taka ƙasa da safe don gida ya yi albarka. Ita kuwa sai ta farka da asuba ta zuro babban yatsan ƙafarta ta taɓa ƙasa kafin kowa, ba wanda ya sani. Idan aka aike ta kasuwa takan rage kaɗan daga cefane ta sayi abin kwaɗayi. Yara za su ce mai rashin ji ce. Wasu za su ce ba ta yarda a fifita maza a kanta ba ne. Dukansu suna da hujja, kuma musun da za su yi shi ne darasin. Bayan sun yi gudun hijira ta jirgin ruwa sun sauka a jihar Alabama, sai yarinyar nan mai kaifin baki ta zama mai ɓuya a banɗaki lokacin cin abinci. Malamarta ta sa ta karanta baƙaƙe da ƙidaya, aji ya tafa mata, ita kuwa ta ji kamar ta nutse, domin a gida ta riga ta wuce wannan matakin da nisa. Tambayar da ta dace a nan ita ce: halinta ne ya sauya, ko wurin ne ya danne shi? Hausawa na cewa hali zanen dutse. Littafin zai sa yaro ya auna wannan karin magana da kansa, ya ga abin da ya tsaya a yarinyar bai goge ba, da abin da hijira ta lanƙwasa.

Yanzu, masu sauraro, kashi na huɗu, kuma shi ne na masu ja da wannan magana. Ba za mu kauce musu ba. Na farko zai ce wannan karatun ragwaye ne. Littafin da rabin shafinsa fari ne, yaro zai gama shi cikin awa biyu, yaushe zai koyi juriyar karanta doguwar jimla da dogon babi? Akwai gaskiya a ciki. Yaron da bai taɓa karanta komai ba sai irin wannan littafi zai sha wuya ranar da aka miƙa masa littafin tarihi ko na kimiyya, kuma ba na goyon bayan a kori zube daga aji. Amma sauƙin furta kalma daban, sauƙin fahimta daban. Kalmomin Out of the Dust masu sauƙi ne, amma gane dalilin haƙa ramin nan aiki ne da babba ma zai iya kuskure. Marubucin zube yakan gina maka gadar da ke tsakanin aiki da dalilinsa. Marubucin wannan irin littafi ya cire ta, ya bar mai karatu ya gina. Ga kuma wata riba. Yaron da karatu ke yi wa nauyi, wanda ya saba zama shiru, a nan zai iya kaiwa ƙarshen shafi tare da kowa. Sau da yawa irin wannan yaro yana da kaifin gane halin mutane, shingen kalmomi ne kawai ya tare shi.

Mai ja na biyu ya fi na farko ƙarfi. Zai ce in ka tsayar da yaro a kowane layi kana tambayarsa hujja, ka kashe masa daɗin labari, ka mayar da waƙa aikin dole. Wannan haɗari ne na gaske, kuma ya faru a azuzuwa da yawa, inda aka cika yara da takardun tambayoyi har suka tsani littafin. Tun 1938 wata malama Ba'amurkiya, Louise Rosenblatt, ta yi bayani a littafinta Literature as Exploration cewa ma'ana na samuwa ne a haɗuwar mai karatu da rubutu, kuma abin da mai karatu ya ji a ransa ɓangare ne na karatun. Na yarda da ita. Amsar ita ce a san gwargwado. Ba kowace waƙa ake feɗewa ba. A bar yara su karanta yawancin littafin a sake, su yi dariya, su yi fushi, su yi hawaye in ta kama. Sai a zaɓi wurare kaɗan, inda labari ya juya, a zauna a kansu. Kuma a fara daga abin da yaro ya ji. In ya ce wurin nan ya ba ni haushi, kada a ce masa wannan ba amsa ba ce. A ce masa, wace kalma ce ta ba ka haushin? Nuna mana. Da haka jin zuciyarsa ya zama ƙofar shiga rubutun. Dubi The Crossover na Kwame Alexander, wanda ya fito a 2014 ya ci Newbery a 2015. Labarin tagwaye ne 'yan ƙwallon kwando, Josh da Jordan, da mahaifinsu tsohon ɗan wasa mai hawan jini da ke gudun asibiti. Da Jordan ya sami budurwa ya rage kula ɗan'uwansa, wata rana ana tsakiyar wasa Josh ya maka masa ƙwallo a fuska da ƙarfi har jini ya zuba. Babu yaron da zai karanta wannan bai ɗauki ɓangare ba. Malami ba ya buƙatar tilasta wa kowa ya koma littafi, su da kansu za su koma neman abin kare gwaninsu.

Mai ja na uku zai ce, tunda mutum ɗaya ne ke ba da labarin, ta yaya yaro zai yi wa sauran taurari adalci? Duk abin da muka sani game da uban Billie Jo daga bakin yarinyar da ke fushi da shi muka ji. Wannan gaskiya ne, kuma a ganina nan ne amfanin littafin ya fi yawa. Yaro ɗan shekara 13 na buƙatar ya koyi cewa mai ba da labari na iya yin gaskiya amma bai ga komai duka ba. Littafin ma da kansa ya koyar da haka. Bayan rasuwar uwar, yarinyar ta ji matan unguwa na maganar ita ce ta wurga bokitin, ba wanda ya ambaci wanda ya ajiye kananzir ɗin. Abin da suka faɗa ya faru, amma rabin labari ne. To kamar yadda matan suka ba da rabi a kanta, ita ma tana iya ba da rabi a kan mahaifinta. Malami kan sa yara su ɗauki waƙa guda su sake rubuta ta da muryar uban, da sharaɗin kada su saka abin da littafin bai ba da alamarsa ba. A Afirka ma an yi irin wannan. Okot p'Bitek na ƙasar Yuganda ya fitar da Song of Lawino a 1966, inda mace ke kokawa da mijinta da boko ya sa ya raina ta da al'adunsu. A 1970 ya fitar da Song of Ocol, ya ba mijin baki ya yi nasa bayanin. Waɗannan sun fi dacewa da manyan ɗalibai, amma darasin ɗaya ne.

Akwai ja na huɗu da zan karɓa kusan gaba ɗaya. Wasu masu tsananin riƙo da karatun ta-natsu na cewa kada a ba yaro wani bayani daga waje, a bar shi da rubutun kawai. Wannan bai dace da yara ba. Wanda bai san abin da fari ya yi wa manoman Oklahoma ba zai ɗauka taurin kai ne kawai ya sa uban ya nace kan alkama. Wanda bai san yaƙin Biyetnam ba ba zai gane me ya sa uwar Ha ta bar gidanta alhali ba ta da labarin mijinta ba. Minti 10 na tarihi, da taswira, da hoto in akwai, sun isa. Sanin wuri da zamani na ƙara wa hujja haske. Abin da ake gudu shi ne malami ya faɗa wa yara hukuncin tun kafin su buɗe littafi.

Kashi na ƙarshe, ga malamanmu na nan gida. Na san abin da wani malami ke faɗa a ransa yanzu: ajina na da yara 80, littafi ko ɗaya babu, ina ni ina wannan? Malam, a nan ma zubin waƙa na taimakonka. Babi guda na littafin zube ba zai hau allo ba, amma waƙa mai layi 20 za ta hau, kuma da kwafi ɗaya a hannunka za ka iya karanta wa aji sauran da murya. Idan kana koyar da Turanci kana neman labarin da ya kusanci duniyar ɗalibanka, akwai The Red Pencil na Andrea Davis Pinkney, wanda ya fito a 2014. Labarin Amira ne, yarinya 'yar shekara 12 a Darfur ta Sudan, wadda hari ya raba da ƙauyensu ta koma sansanin 'yan gudun hijira na Kalma, har magana ta ɗauke mata. Yarinyar da ta daina magana, ta yaya za a gane halinta? Tambaya ce da za ta riƙe aji mako guda. Idan kuma Hausa kake koyarwa, ba da labari cikin waƙa tsohon abu ne a wurinmu. Waƙar Bagauda na bin sarakunan Kano, Waƙar Gewaye na bin rayuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa. Waɗannan tarihi ne, ba ƙagaggen labari ba, don haka ba a yi musu irin tambayoyin da ake yi wa tauraron da marubuci ya ƙirƙira. Amma yaro na iya nuna baitin da aka siffanta mutum, ya ware abin da aka ce ya yi daga kirarin da aka yi masa. Kuma ko a littattafan zube da ke cikin manhaja, tsarin nan na hagu da dama yana aiki. A jarrabawa ma, amsar da ta zo da misali daga littafi ta fi amsar da aka haddace daga allo samun maki.

Iyaye kuma, ba sai kun iya karatun boko ba. In yaro ya dawo daga makaranta, ku tambaye shi labarin da suke karantawa. In ya ce akwai wani mutum a ciki marar mutunci, ku ce me ya yi? In ya faɗa, ku ce babu wani abin kirki da ya taɓa yi? In ya ce bai tuna ba, ku ce ya ɗauko littafin ya duba, ya karanta muku wurin da murya, ku ji tare.